Tafkin Nyos: iskar da ruwa ya ɓoye, da bututun da ke tatse ta

Da misalin ƙarfe tara na daren Alhamis, 21 ga Agusta 1986, mazauna kwarin da ke ƙasan tafkin Nyos, a arewa maso yammacin Kamaru, suka ji rugugi daga wajen tsauni. Tsakiyar damina ce, ba wanda zai bar shimfiɗarsa saboda rugugi. Kafin gari ya waye mutum 1,746 sun rasu a ƙauyukan Nyos da Cha da Subum da kewayensu, tare da dabbobi wajen 3,500, akasarinsu shanun Fulani makiyaya. Waɗanda suka fara shiga kwarin sun tarar da gidaje a tsaye, ba rufin da ya yaye, shuke-shuke kore shar a gonaki. Gawarwakin ba karaya. Ko ƙuda babu a kansu, don ƙudajen ma sun mutu. Tafkin da aka sani da ruwa garai-garai ya rine ya koma ja, ruwansa kuma ya ja baya da kusan mita ɗaya.

Shekara biyu kafin nan, ranar 15 ga Agusta 1984, an yi irin wannan a tafkin Monoun da ke kusa da garin Foumbot, shi ma a Kamaru, inda mutum 37 suka mutu a kan wata hanya mai gangare a bakin tafkin. Cikinsu har da fasinjojin wata babbar mota da injinta ya mutu a wurin, suka sauko su duba, suka zube. Mutum biyu da ke zaune a saman motar sun tsira. A watan Afrilun shekarar an yi yunƙurin juyin mulki a kan shugaban ƙasa Paul Biya, saboda haka hukumomi suka fara zargin ko makamin guba aka gwada. Masanin duwatsu masu aman wuta Haraldur Sigurdsson ya je ya ɗebo ruwa daga ƙasan tafkin, ya ga tun kafin kwalaben su iso sama iska ta cika su tana neman fasa murfi. Ya ce tafkin ne da kansa ya amayar da iskar kabon dayoksaid. Ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba sai da Nyos ya maimaita abin a kan mutane ninki arba'in da wani abu.

Kafin a gane yadda ruwa ke kisa ba tare da ya taɓa mutum ba, sai an san abu uku game da Nyos: inda yake zaune, zurfinsa, da kuma rashin motsinsa.

Tafkin yana cikin tsohon ramin aman wuta ne, a kan jerin duwatsun da suka taso daga tsibiran Tekun Gini, suka bi ta Dutsen Kamaru, suka nufi arewa maso gabas. Wutar ta kwanta, amma narkakken dutsen da ke can ƙarƙashin ƙasa bai daina sakin iskar kabon ba. Iskar na bi ta tsagogin dutse, ta haɗu da ruwan ƙarƙashin ƙasa ta narke a cikinsa, sannan maɓuɓɓugai su zubo wannan ruwa a gindin tafkin. An ƙiyasta abin da ke shiga da kimanin tan dubu biyar a shekara. Faɗin tafkin bai kai murabba'in kilomita biyu ba, amma zurfinsa ya kai mita 208, bangonsa kuma a miƙe yake.

Zurfin shi ne ke ba shi wurin ajiya. Yawan iskar da ruwa ke iya narkarwa ya danganta ga matsin da ke kansa. A saman tafki, inda ba abin da ke danna ruwa sai iskar sararin sama, lita ɗaya ta ruwa ba ta riƙe ko lita ɗaya ta iskar kabon. Kowace mita goma da aka nutsa, matsin na ƙaruwa da kwatankwacin matsin sararin saman nan gaba ɗaya. A mita 200 ya ninka sau ashirin ke nan, kuma lita ɗaya ta ruwa za ta iya haɗiye fiye da lita goma ta iska ba tare da an ga ko ƙwayar kumfa ba. Kwalbar lemo a rufe ita ma haka take: ruwa ne zalla a ido, sai an ɓalle murfin matsin ya sauka, sannan abin da ke ɓoye ya taso. Murfin Nyos shi ne ruwan samansa.

Akwai tafkuna masu zurfi da yawa a kan duwatsu masu aman wuta a Turai da Japan, kuma ba sa yin haka. Dalili shi ne hunturu. A can, idan sanyi ya kama, ruwan sama ya yi sanyi ya yi nauyi, sai ya nutse, na ƙasa ya taso, tafkin ya juye. Duk iskar da ta taru a shekara tana fita a hankali ba wanda ya sani. A Nyos yanayi kusan ɗaya ne duk shekara, ruwan sama kullum ɗumi, kuma tsaunuka sun kare shi daga guguwa. Ruwan da ya sha iskar kabon ya fi ruwan da bai sha ba nauyi, ga kuma ƙarfe da sauran ma'adinan da ya narkar daga dutse. Sai ya zama kowace shekara ruwan ƙasa na ƙara nauyi, yana ƙara lafewa, tafkin na ƙara natsuwa daidai lokacin da haɗarinsa ke ƙaruwa. Wannan shi ne abin da ya fi ruɗar mutane a lamarin. Natsuwar ruwan ita ce alamar cutar.

Idan wani abu ya ɗaga ɗan wani yanki na ruwan ƙasa zuwa inda matsin bai isa ya riƙe iskarsa ba, kumfa za ta fara fita. Ruwa mai kumfa ya fi na gefensa sauƙi, don haka sai ya ƙara tashi. Yana tashi matsin na raguwa, kumfar na ƙaruwa, yana jawo wani ruwan daga ƙasa a bayansa, shi ma ya fara kumfa. Da zarar abin ya kankama, shi ke ciyar da kansa, ba ya tsayawa sai iskar da ke wannan sashe ta ƙare. A daren Nyos ruwa da kumfa sun yi tsiri sama kusan mita 100, igiyar ruwa ta kankare ciyayi a gaɓar kudu har tsawon mita 25. Jan launin kuma ƙarfen da ke narke a ruwan ƙasa ne, da ya haɗu da iskar sama ya yi tsatsa.

A kan abin da ya tayar da shi a wannan dare, har yau masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Da yawa sun fi karkata ga zabtarewar duwatsu, don an ga sabon tabo a bangon ramin. Wasu na nuni da cewa duka masifun biyu a watan Agusta suka auku, lokacin da ruwan sama da gizagizai ke sanyaya fuskar tafki, murfin ya yi rauni. Ga mai neman magani, wannan muhawara ba ta da nauyi sosai. Tafkin da ya kusa ƙoshi da iska, komai ƙanƙantar abu zai iya tayar da shi, kuma ba mai iya hana dutse faɗawa ruwa.

Muhawarar da ta yi nauyi wata ce daban. Shahararren masanin nan na Faransa, Haroun Tazieff, da wasu abokan aikinsa sun dage cewa aman wuta ne ya fashe ta ƙarƙashin tafkin. George Kling na Amurka da Minoru Kusakabe na Japan da wasu suka ce a'a, iskar ta daɗe a cikin ruwan. An kai ruwa rana a taron da aka yi a Yawunde a 1987. Idan Tazieff ne ke da gaskiya, ba abin yi sai kwashe mutane da addu'a. Idan su Kling ne, to akwai magani. Hujjoji suka taru a gefe guda: ruwan ƙasan tafkin bai yi zafi ba, laka da ke gindinsa ba ta hargitse ba, ba a sami sinadarin farar wuta da aman wuta ke fitarwa ba, ciyayi ba su ƙone ba. Abin da ya rufe bakin kowa shi ne awon da aka ci gaba da yi shekara bayan shekara, wanda ya nuna iskar na sake taruwa a ƙasa sannu a hankali.

Yawan iskar da ta fita a daren, ƙiyasi ya bambanta, amma mafi ƙanƙantarsa ya haura tan dubu ɗari. Iskar kabon ta ninka iskar da muke shaƙa nauyi sau ɗaya da rabi, ga shi ta fito da sanyi, saboda haka ba ta tashi sama ba. Ta tumbatsa daga bakin ramin ta gangara kwaruruka, kaurinta kusan mita 50, tana gudun kilomita 20 zuwa 50 a awa, ta yi kisa har nisan kilomita 25. A iskar yau da kullum kasonta bai kai rabin ɗaya cikin dubu ba. Idan ta kai kashi 5 cikin ɗari, sai ciwon kai da haki. A kashi 10 mutum na suma cikin mintuna. Daga kashi 30 zuwa sama, shaƙa kaɗan ta isa. Ba ta da launi, kuma fitilar kananzir na mutuwa a cikinta tun kafin mutum ya faɗi. Ita ce dai iskar da kan kwanta a gindin tsohuwar rijiya, wadda ta sa masu yasa ke zura fitila mai ci kafin su sauka.

Waɗanda suka tsira sun ce sun ji warin ruɓaɓɓen ƙwai ko na albarushi, wasu sun ji ɗumi a jiki. Wannan ya ƙarfafa masu cewa aman wuta ne, sai daga baya likitoci suka nuna cewa iskar kabon mai yawa kan sa ƙwaƙwalwa ta ƙirƙiro wari da jin zafi. Tabon da aka gani a fatar wasu, da farko aka ɗauka ƙuna ce. Mafi rinjayen bayani yanzu shi ne gyambon doguwar kwanciya ne, don akwai waɗanda suka yi fiye da kwana guda a sume a gefe ɗaya kafin su farfaɗo su tarar da iyalinsu duk sun rasu.

Jama'a kuwa ba su jira sakamakon awo ba. Kwanaki kaɗan bayan masifar Firayim Ministan Isra'ila Shimon Peres ya sauka a Kamaru don maido da hulɗar jakadanci, ya zo da ayarin likitoci. Nan take jita-jita ta bazu cewa sabon bam aka gwada a kan talakawa, kuma har gobe akwai masu rantsuwa a kan haka. Abin da ya fi wannan amfani shi ne abin da masaniyar al'adu Eugenia Shanklin ta tattara daga tsofaffin yankin: labaran tafkuna masu fashewa, masu tashi daga wuri zuwa wuri, masu haɗiye mutane, da kuma al'adar wasu ƙabilun wurin ta gina gida a kan tudu. Ƙasan kwarin, mai albarkar noma da kiwo, baƙi ne suka fi cika shi a baya-bayan nan. Dubban da suka tsira an kwashe su zuwa sansanoni, aka hana su komawa, ko da yake ƙasa mai kyau ba ta zama ba kowa, mutane sun riƙa lallaɓawa suna komawa.

Maganin da aka samu ya fito daga cikin cutar. Injiniya Michel Halbwachs na Faransa da tawagarsa suka ce, tunda ruwan ƙasa na tashi da kansa idan ya fara kumfa, a ba shi hanya ƙarama ya riƙa tashi a tsare. An gwada a Monoun a 1992, a Nyos a 1995, sannan aka kafa bututu na dindindin a Nyos a farkon 2001.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai dandamali mai shawagi a tsakiyar tafkin, an ɗaure shi da igiyoyi don kada iska ta ja shi. Daga jikinsa bututu ya rataya a miƙe, faɗin bakinsa kusan santimita 15, ƙarshensa a zurfin mita 203, 'yan mitoci sama da gindi don kada ya zuƙi laka. Bututun na roba ne mai tauri, ba na ƙarfe ba, saboda dalili biyu. Ruwan da ya sha iskar kabon yana da tsami, zai ci ƙarfe. Sannan nauyin wannan roba kusan ɗaya yake da na ruwa, don haka ana iya haɗa gaɓoɓinsa a bakin gaɓa, a ja shi a kwance a kan ruwa, a ɗaura masa nauyi a ƙarshe ya nutse ya miƙe, ba tare da babban inji ba. A wurin da hanyar mota ke da wuya irin Nyos, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tayar da shi kuwa da ƙaramin famfo ake yi. Famfon na zuƙe ruwan da ke saman bututun, ruwan ƙasa ya biyo. Idan ya hau zuwa inda matsin ya gaza riƙe iskarsa, kumfa ta fara. Daga nan abin da ke cikin bututun ya fi ruwan da ke wajensa sauƙi, nauyin tafkin ya riƙa tura sabon ruwa ta ƙasa. Sai a kashe famfon. Ba mai, ba lantarki, bututun zai yi ta aiki dare da rana. A farkon kafa shi feshin ya kai tsawon mita 45 zuwa 50, kuma kusan kashi tara cikin goma na abin da ke fita iska ce, ruwan kaɗan ne. Wato irin fashewar 1986 ce ake yi kullum, amma an killace ta a cikin bangon roba, iskar kuma na fita daidai gwargwadon da iskar sama za ta iya watsa ta.

Tsoron da aka yi tun farko shi ne kada maganin ya tayar da abin da ake gudu. Idan bututun ya tsage a tsakiya, ruwa mai kumfa zai fita cikin tafkin inda ba bango. Ruwan da ke faɗowa daga feshin ma, da yake na ƙasa ne mai ma'adinai, zai iya nutsewa ya dagula jerin ruwan. Shi ya sa aka sa wa bututun bawul-bawul da za a iya rufewa daga nesa, aka rataya na'urorin auna zafi da yanayin ruwa a zurfi daban-daban, aka kuma kafa na'urar gano iskar kabon mai jiniya a bakin tafkin, aka koya wa mutane cewa idan ta yi kuka tudu za a nufa, ba gida ba.

Bututu ɗaya bai isa ba. A 2005 Kling da abokan aikinsa suka yi gargaɗin cewa da irin wannan tafiya tafkin zai daɗe cikin haɗari. Sai a 2011 aka ƙara manyan bututu biyu a Nyos. Monoun, da yake zurfinsa bai wuce mita 100 ba, ya sami bututun farko a 2003, aka ƙara biyu a 2006, kuma cikin 'yan shekaru aka tatse mafi yawan iskarsa.

A nan ne lahanin dabarar ya bayyana. Ƙarfin bututun daga iskar yake. Duk lokacin da ya yi nasarar rage ta, kumfa na raguwa, feshin na gajarta, har a kai ranar da zai tsaya cak, alhali maɓuɓɓugan ƙasa ba su daina zubo tan-tan na sabuwar iska ba. Haka ta faru a Monoun: bututun suka yi sanyi, iska ta fara sake taruwa, sai da masanan Japan da na Kamaru suka kafa famfo mai aiki da hasken rana don ya riƙa ɗago ruwan ƙasa. Ke nan aikin da aka yi wa kirari da cewa ba ya bukatar mai kula ya koma aikin da ke bukatar ma'aikaci da kayan gyara da kasafin kuɗi, ba ranar gamawa. A Nyos masana sun ce an kai matsayin da abin da ke fita ya yi daidai da abin da ke shiga. Sai dai tafkin na cikin yankin masu magana da Ingilishi, inda rikicin 'yan aware ya yi tsanani tun 2017, kuma zuwa duba bututu a irin wannan wuri ba abu ne mai sauƙi ba.

Nijeriya ma tana da kaso a cikin wannan damuwa, ta hanyar ruwa. A arewacin tafkin, abin da ke tare ruwan wani bango ne na tokar aman wuta da ta daskare, tsawonsa kimanin mita 40, kuma yana zaizayewa. Idan ya karye, ruwa wajen kubik mita miliyan 50 zai kwararo ya bi ta kogin Katsina-Ala, ya ratsa Taraba ya shiga Binuwai. Bayan ambaliyar kuma, cire mita 40 daga saman tafkin daidai yake da rage matsin da ke danne iskar ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin biyar a lokaci guda. Tarayyar Turai ta ba da kuɗi aka ƙarfafa bangon da siminti. Ita kuma Nijeriya ta gina madatsar Kashimbila a ƙaramar hukumar Takum, wadda asalin manufarta tare wannan ambaliya ce, wutar megawat 40 da take samarwa ƙari ce aka samu.

Tafki na uku da aka sani da wannan hali shi ne Kivu, tsakanin Ruwanda da Kwango, kuma kusa da shi Nyos ɗan kududdufi ne. Zurfinsa ya kusa mita 480, yana riƙe da kimanin kubik kilomita 300 na iskar kabon da wajen 60 na mitan, iskar gas mai cin wuta, ga mutum kusan miliyan biyu a gaɓarsa, a garuruwa irin su Goma da Bukavu da Gisenyi. Dutsen Nyiragongo mai aman wuta na tsaye kusa da shi, kuma a 2002 narkakken dutse ya ratsa Goma ya shiga tafkin, aka yi sa'a bai nutsa zuwa inda iskar take ba. A Kivu mitan ce ta fi zama abin tsoro ko da yake ita ce kaɗan, don ba ta narkewa a ruwa sosai, saboda haka ita ke da mafi yawan matsin da ke neman ɓallewa.

Mitan kuma kuɗi ce. Tun 1963 aka fara tatsarta kaɗan-kaɗan don wani kamfanin giya a gefen Ruwanda. Tashar KivuWatt, mai megawat 26, tana amfani da dabarar bututun nan: daga wani dandamali mai nisan kilomita 13 daga gaɓa ana ɗago ruwa daga zurfin da ya haura mita 300, a raba iska da ruwa, a wanke iskar don cire kabon, a tura mitan ta bututu zuwa injinan lantarki a tudu. Rigimar masana a kan ruwan da ya rage ne. Idan aka mayar da shi can ƙasa, zai surka ruwa mai mitan, ribar gaba ta ragu, iskar kabon kuma ta koma inda ta fito. Idan aka zuba shi kusa da sama, gishirinsa da sinadaransa za su ɓata ruwan da ƙananan kifayen da jama'a ke rayuwa a kansu suke ciki, kuma a hankali ya raunana bambancin nauyin da ke riƙe da murfin. Ƙasashe biyu ne ke da tafkin, kowacce na ba kamfanoninta lasisi, ga yaƙi a gefen Kwango, kuma duk zurfin da kamfani ɗaya ya zaɓa ya zuba ruwansa, tafkin gaba ɗaya ne zai ɗauka.